Babi na Bakwai: Robert Taylor, Malamin da Ya Ce Sai an Zana Kafin a Gina

Wajen ƙarshen shekarar 1892 wani saurayi ɗan shekara 24 ya sauka a Tuskegee, wani ƙaramin gari a jihar Alabama, can kudancin Amurka. Sunansa Robert Robinson Taylor. 'Yan watanni kafin nan ya gama karatun zanen gine-gine a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, da ke Boston a lokacin, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya fita da digiri daga cikinta. Abin da ya tarar a Tuskegee bai yi kama da Boston ko kusa ba. Makaranta ce 'yar shekara 11 a kan wata tsohuwar gona da noman auduga ya tsotse ƙasarta. Akwai 'yan gine-gine, da kududdufin da ake haƙar yumɓu, da wurin gasa jan bulo, sai ɗalibai waɗanda iyayen akasarinsu a cikin bauta aka haife su.

Nan ya shafe kusan shekara arba'in. Tuskegee ba ta zama jami'a ba sai a 1985, ƙasa ta daɗe da rufe masa ido. Amma duk aikin da muka san farfesan koyar da sana'o'i kuma jami'in gudanarwa da shi a yau, ya yi shi. Ya koyar a aji, ya tsara manhaja, ya shugabanci babban sashe, ya riƙe kuɗi da ma'aikata, ya kai har muƙamin mataimakin shugaba. Ya kuma ɗara takwarorinsa da abu guda: ajujuwan da yake koyarwa a cikinsu shi ya zana su, ɗalibansa suka gina.

An haife shi ranar 8 ga Yuni, 1868, a Wilmington, wani gari mai tashar jiragen ruwa a jihar North Carolina, shekara uku kacal da ƙarewar yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta. Mahaifinsa, Henry Taylor, ɗan wani Bature ne mai bayi da wata baƙar mace. A idon doka bawa ne, amma an sakar masa mara ya yi sana'arsa, ya zama kafinta kuma magini da aka sani a garin. Mahaifiyarsa, Emily, daga gidan 'yantattu ta fito. Saboda haka Robert a cikin ƙurar katako ya buɗe ido, ya riƙe zarto da guduma a bayan mahaifinsa kafin ya tafi Boston a 1888.

Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, domin sau da yawa in an ce bawa a Amurka, mai tsinkar auduga kaɗai ke zuwa zuciya. Gaskiyar ita ce manyan gidajen masu gonaki, da kekunan dawakinsu, da ƙofofin ƙarfensu, da yawa hannun bayi ne ya yi su. Akwai maƙera, akwai kafintoci, akwai magina, akwai dukawa, gwanaye na gaske. Da 'yanci ya zo, waɗannan gwanaye suka fara tsufa, ƙungiyoyin ma'aikata na fararen fata kuma suka toshe wa 'ya'yansu hanyar koyon sana'a. Ga shi kuma matasa da dama sun tsani duk wani aikin hannu, tunda a wurinsu aikin hannu da bulala tare suke tafe. Burin saurayi shi ne ya zama malami ko mai wa'azi, ya sa kwat, hannunsa ya huta da kanta.

Cikin wannan hali aka haifi Tuskegee, kuma ta hanyar cinikin siyasa aka haife ta. Wani tsohon bawa mai suna Lewis Adams, gwanin aikin gwangwani da dukanci da ɗinkin takalma, ya yi wa wani ɗan takara farar fata alkawarin ƙuri'un baƙaƙen yankin, da sharaɗin a ba su makaranta. Ɗan takara ya ci zaɓe, majalisar jiha ta ware dala 2,000 a shekara. Sai dai kuɗin na albashin malamai ne kawai, babu fili, babu ko ɗaki guda. Aka aika wa makarantar Hampton ta jihar Virginia cewa ana neman shugaba, suka turo Booker T. Washington, ɗan shekara 25. Ya buɗe makaranta ranar 4 ga Yuli, 1881, da ɗalibai 30 a wata rumfa mai yoyo kusa da coci. Daga baya aka ci bashi aka sayi gona mai eka 100 a kan dala 500.

Wanda ba shi da kuɗin sayen bulo, dole ya koyi yinsa. Washington ya ba da labarin da kansa a littafin tarihin rayuwarsa: sau uku suna tara bulo su kunna wuta, sau uku aikin na lalacewa. A karo na huɗu aljihu ya yi fayau, sai da ya jinginar da agogonsa a kan dala 15 kafin a sake gwadawa, aka dace. Daga nan makaranta ta sami bulon da za ta yi gini, ta kuma sami abin sayarwa, har fararen fatan da ke yi mata kallon hadarin kaji suka riƙa zuwa saye.

To, ga bulo, ga hannuwa ɗaruruwa, ga zuciya. Abin da babu shi ne mai tsara aikin.

Taylor da kansa ya bayyana yadda ya sami wurin a wata takarda da ya gabatar a MIT a 1911, lokacin bikin cikar makarantar shekara 50. Ya ce masu koyar da sana'o'in tsofaffin gwanaye ne da suka koyi aiki ta hanyar da, wato da ido da hannu, ba tare da zane ko tsayayyen tsari ba. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wa bai taɓa ganin mai gida ya ja layi a ƙasa da tsinin takalminsa ya ce wa magini nan ne falo, can ne ɗaki ba? Hanyar tana aiki, kuma ta gina garuruwa. Amma tana da iyaka biyu. Gwani zai iya yin keken shanu mai kyau, sai dai in aka ce ya yi guda ashirin masu ƙafa iri ɗaya, wadda ta karye a ciro ta wani a sa, nan ake yin ta. Sannan ilimin yana cikin kansa da yatsunsa ne kawai, ranar da ya kwanta dama ya tafi da abinsa.

Sai Taylor ya kafa doka wadda a ji kamar ba komai ba ce. Duk aikin da za a yi a kowane shagon makarantar, komai ƙanƙantarsa, sai an zana shi a takarda tukuna, da awonsa, da jerin kayan da zai ci. Ɗalibin ƙira ya zana ƙarfen da zai lanƙwasa. Mai koyon aikin gwangwani ya zana bokitinsa a shimfiɗe kafin ya sa almakashi. Birkila ya koyi karanta zanen da wani ya yi, ya ƙiyasta bulo nawa katanga za ta ci kafin a ɗora na farko. Kowane ɗalibin sana'a sai ya zauna a teburin zane, ya riƙe fensir da ma'auni kamar yadda yake riƙe guduma.

A ganina wannan doka ita ce babban aikin Taylor, ta fi kowane bene da ya gina. Yaron da aka tilasta wa yin zane an tilasta masa lissafi ke nan ba tare da ya ankara ba. Dole ya san kusurwa, ya san yadda ake mayar da bango mai ƙafa talatin ya koma 'yan inci a takarda, ya hango abu a ƙwaƙwalwarsa tun kafin ya wanzu. Kuma a kasuwar aiki, mai karanta zane da wanda ba ya karantawa ba su cin tuwo a kwano ɗaya. Ɗaya lebura ne da ake nuna wa aiki da yatsa. Ɗayan shi ke iya zama shugaban ma'aikata, ya sa farashi, ya karɓi kwangila da sunansa. A kudancin Amurka na wancan zamani, inda aka ƙaddara wa baƙar fata ya ɗauki kaya wani ya ba da umarni, koya wa yaro karanta zane ba ƙaramin abu ba ne, ko da kuwa babu wanda ya hau mumbari ya faɗi haka.

Gininsa na farko shi ne zauren kimiyya da aka gama a 1893, wanda daga baya aka sa wa suna Thrasher Hall. Amma wanda ya fi so duk rayuwarsa shi ne cocin makarantar, da aka kammala a 1898 da kuɗin wasu attajirai 'yan'uwa mata biyu na New York, Olivia da Caroline Phelps Stokes. Bulo 1,200,000 ginin ya ci, kuma ɗalibai ne suka haƙo yumɓun, suka buga, suka gasa, suka jera. Su suka yi aikin katakon rufi da kujerun zama. Yana ɗaukar mutum sama da 2,000, kuma shi ne gini na farko a duk gundumar Macon da aka sa wa wutar lantarki a ciki, aikin malami da ɗaliban sashen lantarki. Ka ƙiyasta a ranka yadda manomi baƙar fata, wanda ya taso daga bukkar katako mai ɗaki ɗaya, zai ji in ya shiga wannan zaure da dare, fitilu na ci babu hayaƙi, aka ce masa ɗansa na cikin waɗanda suka yi.

Gini da ɗalibai ba shi da sauri, kuma ba lallai ne ya fi araha ba. Ɗan koyo yana ɓata kaya. Yana jera bulo a karkace a sa shi ya rushe ya sake. Da an ba ɗan kwangila daga waje, da tuni an gama. Washington ya san da haka, ya ce a bar su su yi kuskurensu, domin ginin kansa shi ne darasin. Wanda nauyin wannan tsari ya faɗo wa a ka shi ne Taylor. Dole zanensa ya zama wanda ɗan koyo zai iya aiwatarwa, da kayan da ake samu a wurin, a kan kuɗin da mai bayarwa ya yarda ya bayar, sannan ya tsaya ƙyam shekara da shekaru. Shi ya sa gine-ginensa ba su da yawan ado. Jan bulo ne, da manyan tagogi don iska da haske, da daidaiton tsayi da faɗi wanda ido ke hutawa a kansa.

Aiki a ƙarƙashin Washington kuwa sai mai haƙuri. Mutum ne da yake hawa doki da sassafe ya zagaye makaranta da ɗan littafinsa, in ya ga ƙofa ta saki ko an yar da takarda a ƙasa ya rubuta, kafin hantsi wasiƙa ta iske wanda abin ya shafa. Rabin shekara yana arewacin ƙasar yana roƙon attajirai, amma ko daga can rahoto yake nema a kan komai. A 1899 Taylor ya tattara nasa ya nasa ya koma Cleveland a jihar Ohio, ya yi aiki a ofishin wani mai zanen gine-gine farar fata. Sai dai igiyar ba ta tsinke ba, yana can yana aiko wa Tuskegee zane. A 1902 ya dawo, wannan karon a matsayin daraktan sashen sana'o'in maza baki ɗaya, tare da kula da gine-gine da filayen makarantar.

Daga nan aikinsa ya sauya kama. Ƙarƙashinsa akwai shagunan kafinta, da ƙira, da haɗa kekunan dawaki, da aikin gwangwani, da dukanci, da ɗinki, da buga littattafai, da fenti, da narka ƙarfe, da injinan tururi, da famfo, da lantarki, da injin yanka katako. Kowane shago aji ne, kuma masana'anta ce da makaranta ta dogara da ita. In tukunyar tururi ta tsaya, ɗakunan kwana sun yi sanyi. In shagon takalma ya makara, ɗalibai sun shiga aji da ɓarakar takalmi. Ga kuma tsarin karatun kansa mai wuyar sha'ani: ɗalibin da ba shi da kuɗi yakan yi aiki yini guda cur ya shiga aji da dare, ana rubuta masa ladan aikinsa a littafi har ya tara abin da zai koma karatun rana. Wani ne zai zauna ya daidaita duk wannan, ya san yaro nawa ke shagon ƙira, nawa za a ciro a kai wurin gini, katako nawa ya rage, wane malami ne ya iya sana'a amma bai iya koyarwa ba. Irin wannan aiki ba ya shiga jarida. Ba a tuna mai yinsa sai ranar da ruwa ya ƙi zuwa famfo.

A nan ne kwatanci da George Washington Carver ke da amfani. Carver ya zo Tuskegee a 1896 don ya shugabanci sashen noma, kuma yau duk ɗan makaranta a Amurka ya san sunansa saboda binciken gyaɗa da dankali. Masani ne na gaske, malami ne da ɗalibai ke ƙauna. Amma riƙon ofis ya gagare shi. Shekara da shekaru suna musayar wasiƙu masu zafi shi da Washington a kan lissafin kaji da kula da gona, ya sha yin barazanar ajiye aiki, har daga baya aka rage masa nauyin gudanarwa. Taylor ba shi da irin wannan farin jini, ba shi kuma da irin wannan rigima. Ya gina ɗakin karatu da dala 20,000 da attajiri Andrew Carnegie ya bayar, mai dogayen ginshiƙai a gaba irin waɗanda aka saba gani a gidajen manyan masu gonaki. Ya gina katafaren ɗakin cin abinci na Tompkins Hall da ɗakin kwanan mata na White Hall a 1910, ya gina asibitin John A. Andrew a 1913. Lokacin da Washington ya rasu a Nuwamban 1915, makarantar da ta fara a rumfa tana da gine-gine sama da 100, ɗalibai kimanin 1,500, da malamai wajen 200.

Ba a iya maganar Tuskegee a tsallake gardamar da ta raba kan baƙaƙen Amurka. A 1895 Washington ya yi jawabi a Atlanta, inda ya nuna cewa baƙaƙe su jingine neman daidaito a zamantakewa su rungumi sana'a da tara dukiya tukuna. Fararen fata suka tafa. A shekarar da ta biyo baya kotun ƙolin ƙasar ta halatta wariyar launin fata a wuraren jama'a. A 1903 W. E. B. Du Bois, wanda ya yi digirin digirgir a Harvard, ya fito ya soki Washington a rubuce. Hujjarsa ita ce al'ummar da ta bar ƙuri'a da ilimi mai zurfi ba za ta iya kare ko dukiyar da ta tara ba, kuma su kansu makarantun sana'a ba za su sami malamai ba in babu kwalejoji.

Du Bois yana da gaskiya, kuma garin su Taylor ne ya tabbatar da ita da jini. Wilmington gari ne da baƙaƙe suka yi ƙarfi, suna da shaguna da gidaje da jarida, wasu ma suna riƙe da muƙamai. Ranar 10 ga Nuwamba, 1898, shekarar da aka buɗe cocin Tuskegee, gungun fararen fata ɗauke da bindigogi suka ƙona ofishin jaridar baƙaƙen, suka kashe mutane da dama, suka tumɓuke zaɓaɓɓiyar gwamnatin garin, suka kori fitattun baƙaƙe. Sana'a da dukiya ba su hana komai ba. Ƙila ma su suka ƙara wa maƙiya haushi.

Amma akwai abin da masu ɗaukar gardamar a matsayin hannu a gefe guda, ƙwaƙwalwa a ɗaya gefen suke mantawa. Mutumin da ke jan ragamar koyar da sana'a a Tuskegee ɗan MIT ne. Washington yana gaya wa attajiran arewa da 'yan siyasar kudu cewa magina da manoma yake horarwa, hankalinsu ya kwanta su sa hannu a aljihu, alhali malaman da yake ɗauka daga manyan makarantun ƙasar suke. Daga teburan zanen Tuskegee ne William Sidney Pittman ya fito, ya zama sanannen mai zanen gine-gine. Daga nan Vertner Tandy ya fito, ya zama baƙar fata na farko da ya sami rajistar wannan sana'a a jihar New York. Wallace Rayfield, wanda ya koyar da zane a Tuskegee, shi ya zana cocin nan na titi na 16 a Birmingham ta jihar Alabama da 'yan wariya suka sa wa bam a 1963. Ba na cewa komai lafiya lau ne. Malaman darussan aji sun sha kokawa cewa ana danne su, ana tilasta musu su ɗaura kowane darasi a kan shago da gona. Amma duk wanda ya ce Tuskegee leburori kawai ta yaye, bai leƙa ɗakin zanen Taylor ba.

Hannunsa ya kai har ƙauyuka. Da Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya yarda ya taimaka a gina wa 'ya'yan baƙaƙen karkara makarantu, an fara da guda shida a Alabama, kuma daga Tuskegee aka fitar da zanen farko. A 1915 makarantar ta buga ɗan littafi mai ɗauke da tsare-tsaren ginin, da hannun Taylor a ciki: ɗaki ɗaya ko biyu na katako, a ɗage daga ƙasa saboda laima, da jerin manyan tagogi tunda babu lantarki. Sharaɗin shi ne sai mutanen ƙauye sun kawo nasu kason, ko kuɗi, ko fili, ko ƙarfi. A 1920 aka ɗauke ragamar shirin daga Tuskegee aka mayar Nashville, bayan wani bincike ya nuna ba a sa ido sosai a kan ingancin wasu gine-ginen ba. Kafin a rufe shirin a 1932 an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15.

Robert Russa Moton ne ya gaji Washington, kuma a zamaninsa, a 1925, aka naɗa Taylor mataimakin shugaba. Bayan shekara biyu makarantar ta buɗe sashen karatun digiri. Zamani ne ya tilasta. Mota ta kashe kasuwar mai haɗa keken doki, masana'antu sun kashe ta mai ɗinka takalmi da hannu, jihohi kuma sun fara neman takardar digiri a wurin malamai. Wannan ita ce larurar duk mai koyar da sana'a: abin da ya ƙware a kai yana iya mutuwa kafin shi. Shagon da aka kashe dubban daloli aka ƙawata zai iya wayar gari babu mai neman abin da yake koyarwa. Abin da bai mutu ba shi ne zane da lissafi, don da su ake komawa daga keken doki zuwa injin mota. A 1927 ɗin dai, da kogin Mississippi ya yi mummunar ambaliya, Taylor na cikin kwamitin baƙaƙe da Herbert Hoover, jami'in gwamnati mai kula da aikin agajin, ya kafa ƙarƙashin Moton don duba halin da 'yan gudun hijira baƙaƙe ke ciki a sansanoni.

Sai Afirka. Sunan Tuskegee ya daɗe da ƙetaro teku. Tun a 1901 wata tawaga daga makarantar ta isa Togo, lokacin tana hannun Jamus, don koyar da noman auduga. Bayan yaƙin duniya na farko gidauniyar Phelps-Stokes ta turo kwamitoci biyu, a 1920 da 1924, su duba ilimi a Afirka, ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, tare da James Aggrey ɗan ƙasar da ake kira Ghana a yau. Shawararsu ita ce a kwaikwayi Hampton da Tuskegee. Cikin waɗanda suka bi tawaga ta biyu akwai mutumin da Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano da sashenta na sana'o'i, kuma a lokacin shi ne sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan ilimi a ƙasashen Afirka da take mulka. 'Yan mulkin mallaka sun yi na'am da wannan tsari, amma rabinsa suka so. Sun so ɗan Afirka mai riƙe fartanya da guduma cikin ladabi. Ba su yi ɗokin ɗan Afirka mai zuwa irin su MIT ya dawo ya riƙe sashe ba. Shi ya sa 'yan bokon Afirka ta Yamma da dama suka yi wa shirin kallon tarko, kuma ban ga laifinsu ba.

A 1929 Taylor da kansa ya taka ƙasar Afirka. Gidauniyar Phelps-Stokes da gwamnatin Laberiya da kamfanin taya na Firestone, wanda ya karɓi hayar ƙasa mai yawa don noman roba a 1926, suka ɗauki nauyinsa ya je Kakata ya tsara makaranta irin Tuskegee a kan eka 1,000 da gwamnatin Shugaba Charles King ta bayar. Ya duba wurin, ya tsara yadda gine-gine za su zauna, ya ba da shawarar abin da za a koyar. Aka sa mata suna Booker Washington Institute, kuma har yau tana nan tana yaye ɗalibai a fannin noma da sana'o'i. A 1929 ɗin ne kuma Jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania, wadda Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu a cikinta, ta ba shi digirin girmamawa.

Gine-ginensa na ƙarshe a Tuskegee, zauren wasanni da sabon ɗakin karatu da sabon zauren kimiyya, tare da abokin aikinsa Louis Persley ya zana su, wanda shi ma ɗan sana'ar ne baƙar fata. A cikin shekarun 1930 ya yi ritaya ya koma Wilmington, gwamnan jihar ya sa shi a hukumar gudanarwar kwalejin horar da malamai baƙaƙe ta Fayetteville. Ɗansa, Robert Rochon Taylor, ya zama shugaban hukumar gidaje ta birnin Chicago. Tattaɓa kunnensa, Valerie Jarrett, ta zama babbar mai ba Shugaba Barack Obama shawara, kuma tana wurin a 2015 lokacin da hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai hotonsa.

Ranar 13 ga Disamba, 1942, ya kai ziyara Tuskegee, ya shiga ibada a cocin da ya zana tun yana saurayi. A ciki ya yanke jiki ya faɗi, ya rasu a ranar yana da shekara 74. Cocin ya ƙone ƙurmus a Janairun 1957, aka gina wani a gurbinsa. Thrasher Hall, gininsa na farko, yana nan tsaye da bulon da ɗalibai suka gasa, kuma sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Tuskegee sunansa yake ɗauke da shi.